Allurar da Ke Auna Iska: Daga Filin Sukuwar Kano Zuwa Sararin Faskari

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku suka sauka a filin sukuwa na Kano. Zamanin Sarki Usman ne, Katsina tana hannun Sarki Muhammadu Dikko, layin dogo ma bai kai Funtuwa ba tukuna. Jiragen na sojan saman Ingila ne, samfurin DH.9A, sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, wani hafsa mai suna Arthur Coningham ne madugunsu. Suka bi Kogin Nilu har Khartoum, suka karya yamma ta El Obeid da El Fasher, suka ratsa ƙasar Wadai da Fort Lamy, wadda yau ake kira N'Djamena, suka shigo Borno, sannan Kano. Daga nan suka leƙa Kaduna, suka juya suka koma Masar. Zuwa da dawowa sun ci fiye da mil 6,000.

Wanda ya saba ganin jirgin alhazai zai yi mamakin abin da aka kira jirgi a wancan lokacin. Ƙashinsa katako ne, fatarsa yadi ne da aka ɗame aka shafa masa wani irin fenti don ya yi tauri. Fukafukansa hawa biyu ne, sama da ƙasa, an tokare su da sanduna, an ɗaure da wayoyi. Mutum biyu yake ɗauka, kowa a raminsa, kai a waje, iska na dukan fuska. Gaba kuma injin Liberty ne na Amurka mai ƙarfin doki 400. Babu wata tasha a ƙasa da za ta nuna musu hanya ta rediyo. Abin da ke gaban matuƙi bai wuce kamfas da agogo da taswira ba, sai ma'aunin tsayi, da ma'aunan lafiyar inji, da kuma wata 'yar allura da ke faɗa masa gudun jirgi a cikin iska. Tarihin wannan allurar nake son in bi, domin ita ce ke tsakanin jirgi da faɗuwa, kuma ƙasarmu, da zafinta da hazonta da hadarinta har da ƙwarinta, tana gwada ta ta hanyoyin da waɗanda suka ƙera ta ba su fara tunani ba.

Asalinta ba a sama yake ba, a ruwa yake. A 1732 wani injiniyan Faransa, Henri Pitot, yana son sanin gudun ruwan Kogin Seine a Paris. Ya lanƙwasa bututun gilashi, ya tsoma shi bakin na fuskantar inda ruwa ke tahowa. Sai ruwan ya hau cikin bututun ya zarce saman kogi, kuma gwargwadon ƙarfin gudu gwargwadon hawa. Fiye da shekara ɗari bayan haka wani ɗan ƙasarsu, Henry Darcy, ya gyara dabarar ta zama abin aiki. Har yau ɗan bututun nan da ke leƙowa a ƙarƙashin fiffike ko a gefen hancin kowane jirgi sunan Pitot yake amsawa.

Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota a hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara ya san aikin. Mota na tafiya a hankali, iska na shafar tafin hannu. Direba ya taka, sai ta riƙa tura hannun baya. Wannan turawar ake aunawa. Bututun Pitot yana karɓar iskar da ke karo da jirgi ta gaba, wata 'yar ƙofa kuma a gefen jiki tana karɓar nauyin iskar da ke kewaye, wadda ba ta karo da komai. A bayan gilashin ma'aunin akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe mai laushi: iskar gaba tana shiga cikinsa, iskar gefe tana kewaye shi, bambancin da ke tsakaninsu ya kumbura shi, kumburin ya juya allura. Ba batir, ba waya. Shi ya sa ko wutar jirgi ta ɗauke baki ɗaya, tsohon ma'auni yana nan yana aikinsa.

Malejin mota yana ƙirga juyawar taya ne, wato yana auna ƙasa. Ma'aunin jirgi kuwa bai san ƙasa ba sam. Tashin farko da Orville Wright ya yi a Kitty Hawk ranar 17 ga Disamba 1903 ya nuna bambancin ƙarara. Daƙiƙa 12 ya yi a sama, ya ci ƙafa 120, gudun da mutum mai sassarfa zai iya bi a gefe, kuma ɗan'uwansa Wilbur ya bi shi da gudu a farkon tashin. Amma iskar da ke kaɗowa ta gaba ta wuce mil 20 a awa, saboda haka fukafukan suna jin kusan mil 30. Wannan talatin ɗin ce ta ɗaga shi. Har gobe shi ya sa jirgi ke fuskantar iska in zai tashi ko zai sauka.

Matuƙan farko da jikinsu suke aunawa. Suna jin iska a kumatu, suna sauraron kukan wayoyin fukafukai: in kukan ya yi tsini, gudu ya yi yawa, in ya fara dusashewa, mutum ya yi maza ya sunkuyar da hanci. Kunne dai kunne ne, kuma mutane da yawa sun mutu kafin a yarda cewa bai isa ba. A 1911 wani kyaftin na sojan Faransa, Albert Etévé, ya fito da ma'auni mai sauƙi: ɗan faifan ƙarfe a kan sifirin, iska ta tura shi baya, tsinke ya nuna lamba. A Farnborough ta Ingila, wajen 1912, aka haɗa bututun Pitot da gilashi mai ruwa a ciki, matuƙi yana duba inda ruwan ya tsaya. Yaƙin Duniya na Ɗaya bai ƙare ba sai da ma'auni mai allura ya zama ruwan dare. Duk da haka faifan bai mutu ba. Kamfanin de Havilland ya fito da ƙaramin jirgi mai suna Moth a Fabrairun 1925, shekarar da aka sauka Kano, kuma a kan sandar fiffiken Moth da ƙanensa Tiger Moth na 1931 akan ga wannan faifan, matuƙi ya waiga ya karanta gudunsa. Ni ina ganin a duk kayan jirgin sama babu abin da ya kai shi gaskiya, domin kana ganin iskar da idonka tana aikin.

Da irin wannan Moth ɗin wata mata, Lady Mary Bailey, ta tashi ita kaɗai daga Landan zuwa Cape Town a 1928, ta komo ta Kwango da gefen Sahara na kudu, ta isa gida farkon 1929. Ba kowa ya yi wannan sa'ar ba. Bill Lancaster ya faɗi da ƙaramin jirginsa Avro Avian a hamadar kudancin Aljeriya a 1933, a hanyarsa ta zuwa Gao, ba a ga gawarsa ba sai 1962.

To me allurar take tsarewa? Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. In gudu ya ragu, dole matuƙi ya ƙara ɗaga hanci don ya riƙe tsayinsa. Akwai iyakar da in an kai ta, iska sai ta saki bayan fiffiken ta hargitse, ɗaukar ta gushe, hanci ya rafka ƙasa, wani lokaci fiffike ɗaya ya riga ɗaya jirgi ya shiga juyi. In akwai tsayi, magani a hannu yake: a saki hanci, a ba inji wuta, iska ta sake kamawa. In kuwa a kusa da ƙasa ne, wajen kwanar ƙarshe kafin sauka, sau da yawa babu sararin gyara. Ƙaramin jirgi Piper Cub na 1938, mai injin da yawanci bai wuce doki 65 ba, yana tafiyarsa a mil 75 a awa, iska kuma tana sakinsa a wajen mil 38. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ran mutum yake. A ɗaya gefen kuma akwai gudun da in an wuce shi fiffike zai iya karyewa. Shi ya sa daga baya aka yi wa fuskar ma'aunin launi: kore wurin tafiyar yau da kullum, rawaya sai iska na kwance, jan layi kuwa ba a tsallake shi.

Ga inda ƙasarmu ta shigo. An daidaita ma'aunin ne da iskar bakin teku mai sanyin digiri 15. Kano tana sama da teku da kusan ƙafa 1,500, tudun Funtuwa da Faskari ya fi haka, Jos kuwa ta kai 4,000. Iska tana sirancewa da tsayi, tana kuma sirancewa da zafi. Ranar bazara da zafi ya kai digiri 40 a Kano, fiffike da inji suna jin kamar suna kan dutse mai tsayin kusan ƙafa 5,000. Allura ba ta yi ƙarya ba: lambar da jirgi ke bukata ya tashi tana nan yadda take a littafi, domin turawar iska take aunawa, fiffike ma da turawar yake aiki. Sai dai kafin siririyar iska ta yi wannan turawar, dole jirgi ya ƙara gudu a ƙasa, ga inji ya rage ƙarfi, ga farfela ba ta samun abin kamawa sosai. Titin da ya ishe ka da asubar hunturu ba lallai ya ishe ka da azahar ɗin Afrilu ba. Ƙa'idar da matuƙa ke riƙewa ita ce, kowace ƙafa 1,000 tana sa ainihin gudu ya ɗara abin da allura ta nuna da kusan kashi 2 cikin 100. Masu tsofaffin ƙananan jirage a ƙasashen zafi sammako suke yi, kuma ba don son ransu ba.

A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Khartoum zuwa Kano da jirgin DH.86, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar har Legas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe Bahar Rum, sai hanyar da Coningham ya bi ta zama jijiyar yaƙi. Daga Satumbar 1940 ana sauke jirage a akwatuna a Takoradi ta Gwalkwas, a harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Fasher, Khartoum, har Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi ta nan. Ayari-ayari suke tafiya: jirgin Blenheim guda mai ɗauke da masanin hanya a gaba, ƙananan jiragen Hurricane na biye. Masanin hanyar nan lissafi yake yi da fensir. Ya karanta allura, ya gyara lambar saboda tsayi da zafi, ya cire abin da iskar gabas ta ci masa, ya duba agogo, sannan ya ce yanzu ya kamata a ga Maiduguri. In hazo ya rufe ƙasa, wannan lissafin kaɗai ke gare su. Coningham kansa a lokacin shi ke jagorantar sojan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, inda jiragen ke zuwa.

Hadarin damina ya koya wa duniya nasa darasin a Kano. Ranar 24 ga Yuni 1956 wani jirgin BOAC samfurin Argonaut ya tashi daga Kano zai tafi Tarabulus da Landan, hadari na gangamowa. Bai yi nisa ba gudunsa ya zube, ya rasa tsayi, ya daki bishiya. Mutum 45 ne a ciki, 32 suka rasu. Bincike ya nuna iska ce ta juya farat ɗaya: wadda ke zuwa ta gaba tana tallafar fukafukai ta koma tana bugowa ta baya. Injuna na aiki, jirgi na gudu a idon mai kallo daga ƙasa, amma iskar da ke bin fiffike ta ragu, allura kuma ta faɗi gaskiyar abin da ke faruwa. Sai a shekarun 1970 masanin yanayi Ted Fujita na Jami'ar Chicago ya fayyace wannan iskar da ke rikitowa daga cikin hadari ta bazu a ƙasa ta kowane gefe. Manomin Sabuwa ya san ta tun kafin nan, domin ita ce ke kwantar da masara ta yaye rufin kwano kafin ɗigon farko ya sauka.

Amma allura tana iya yin ƙarya, kuma abin da ke sa ta ƙaryar yakan zama ƙanƙane ƙwarai. Bakin bututun Pitot bai fi a zura fensir ba. Irin ramin da zanzaro ke nema ke nan ya cusa laka ya ajiye ƙwansa. Ranar 6 ga Fabrairu 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi da dare daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, bayan ya daɗe a ajiye. Ma'aunin kyaftin ya riƙa nuna gudu na ƙaruwa alhali raguwa yake yi. Aka rage wuta, iska ta saki fukafukai, jirgi ya faɗa teku da mutum 189. Masu bincike sun tabbatar bututun a toshe yake, kuma zanzaro suka fi zargi. Dalilin ruɗin shi ne, in bututun ya toshe gaba ɗaya, iskar da ta maƙale a ciki ba ta canzawa, ta waje kuwa tana raguwa yayin da ake hawa, sai allura ta riƙa hawa tare da jirgi. A Oktoban shekarar ta 1996, a Peru, salatif ɗin da aka liƙa a ƙofofin gefe lokacin wanke wani 757 aka manta ba a cire ba, mutum 70 suka tafi. Ranar 1 ga Yuni 2009 ƙanƙara ce ta toshe bututun jirgin Air France mai lamba 447 a kan Tekun Atlantika, mutum 228 suka rasu.

Duk wanda ya ga yadda zanzaro ke gini a hannun rigar da aka rataye ko a ramin makulli ya san ba a gaya mana wannan ƙwaro. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda in ta haɗu da 'yar laima takan daskare. Saboda haka da zarar jirgi ya tsaya ake sa wa bututun hula mai jan ƙyalle, kuma ɗalibi ba ya shiga jirgi sai ya zagaya shi, ya cire hular, ya leƙa ramin. Ba a hura shi da baki, domin numfashin mutum ya isa ya lalata ƙoƙon nan na ciki. In an fara gudu a titi, abin da matuƙi ke fara tabbatarwa shi ne allura ta motsa. Malaman kirki kuma sukan rufe ma'aunin da takarda a sama, su ce wa ɗalibi ya sauka haka nan, da matsayin hanci a kan sararin samaniya, da amon inji, da nauyin sanda a hannu. A nan tsofaffin ƙananan jirage suka fi na zamani iya koyarwa. Ba su da na'urar da za ta rufa wa mutum asiri.

Wannan ilimin yana kusa da mu fiye da yadda muke zato. Mutumin Faskari ko Sabuwa da ya bi ta Funtuwa da Giwa zai shiga Zariya, ta gefen filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama yake wucewa. An kafa ta a 1964 da taimakon hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci makarantar. Shekara da shekaru ƙananan Tampico na Faransa suna zagaya sararin Samaru, yanzu Diamond na Ostiriya sun shigo da allon kwamfuta a gaban matuƙi. Allon ya canza, amma lambar da yake nunawa daga bututun nan take fitowa. A Kaduna kuma, daga ƙarshen shekarun 1980, an harhaɗa ƙaramin jirgin horo mai suna Air Beetle, kimanin guda 60, bisa zanen RV-6A na Ba'amurke Richard VanGrunsven, sojan samanmu suka yi ta koyon tuƙi da shi. Mutane ƙalilan ne a Arewa suka san an taɓa haɗa jirgin sama a Kaduna.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Yaron da ya tashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a shekarun nan ya san jirgi, amma wane iri? Ya san rugugin jirgin yaƙi da ke wucewa zuwa daji, ya san mai saukar ungulu da ya yi ta shawagi a Disambar 2020 lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A wurinsa jirgi alamar tashin hankali ne. Alhali ƙaramin jirgi a ƙasar Hausa ya yi aikin kai wasiƙa, ya kai likita da majinyaci asibitin Galmi a Nijar, ya yi feshin tsuntsayen jan-baki da ke cinye gero da shinkafa, ya kuma horar da dubban matasa. Makarantar kimiyya aka kai wa hari a Ƙanƙara, kuma ina ganin ɗaya daga cikin hanyoyin rama wa yaran nan shi ne a mayar musu da kimiyyar a hannu, su taɓa ta.

Wasu ƙasashen sun riƙe tsofaffin jiragensu. Akwai DH.9A guda a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan. A Old Warden, wurin ajiyar Shuttleworth, jirgin Blériot na 1909 har yanzu yana ɗagawa daga ƙasa in iska ta kwanta. Mu ma a Umuahia an ajiye jiragen yaƙin basasa. Shekara ɗari ta cika da saukar Kano a Nuwambar 2025, kuma bai fi ƙarfin gwamnatocin Katsina, Kano da Kaduna ba su nemi Air Beetle guda da Tampico guda da suka gama aiki, a ajiye su a rumfa da ma'aunansu da bututunsu cikakku, a riƙa kawo 'yan makaranta suna zama a kujerar matuƙi.

Kafin a kai ga haka, malamin kimiyya a Daudawa ko 'Yankara yana iya ƙera ma'aunin Farnborough na 1912 da kuɗin da bai kai na buhun taki ba. Siririn tiyo mai haske, irin wanda magina ke daidaita gini da shi, a lanƙwasa shi ƙasa ya yi ƙafa biyu a kan allo, a zuba ruwa mai launi zuwa rabi, a manna rula a tsakani. Baki ɗaya a haɗa shi da bututun biro a fitar ta taga yana kallon gaba, ɗayan a bar shi inda iska ba ta bugunsa. Mota na kilomita 50 a awa, bambancin ruwan ƙafafun biyu zai ɗan wuce santimita 1. A kilomita 100 ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, tsakanin santimita 4 da 5. A auna a tafiya ana fuskantar iskar hunturu, a sake aunawa a dawowa tana bayan mota, maleji na kan lamba ɗaya, sannan a bar ɗalibai su faɗi dalilin da ya sa ruwan bai tsaya wuri ɗaya ba.